Zaɓen bindiga a Amurka: ta ƙugu ko ta gida?

A shekarar 2008 ne Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa mutum na da 'yancin ajiye ƙaramar bindiga a gidansa domin kare kai, sannan a 2022 ta ce 'yancin ya haɗa da fita da ita waje. Yanzu haka fiye da rabin jihohin ƙasar 50 ba sa neman lasisi kafin mutum ya ɓoye bindiga a jikinsa.

To sai dai wadda ta dace da ƙugu ba lalle ne ta dace da gida ba. Ƙaramar bindiga na da sauƙin ɓoyewa, amma rashin nauyinta kan sa ta fizgi hannu yayin harbi, saiti ya yi wuya. Doguwa ta fi saiti, amma juya ta a ƙuntataccen ɗaki aiki ne. Shi ya sa da dama kan zaɓi matsakaiciya irin Glock 19, mai cin harsashi 15.

Babbar matsalar dai ita ce ajiya. Cikin mutane 48,830 da bindiga ta hallaka a ƙasar a 2021, fiye da rabi kansu suka kashe. Likitocin yara na ba da shawarar a kulle bindiga, a ajiye harsashi dabam, yayin da wasu masu bindigar ke cewa ɗan fashi ba zai jira su nemo makulli ba.