Injin Zarto Da Injin Sassabe: Abin Da Ke Sa Su Daɗe, Da Abin Da Ke Kashe Su

Duk wanda ya shiga kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa a Kano, ko ta Dei-Dei a Abuja, ya ga katako jibge kamar tsauni, da wuya ya tuna da mutumin da ya kayar da itacen a kurmin Ondo ko Edo ko Kuros Riba. Wannan mutum kuwa abin da ya dogara da shi, bayan Allah, shi ne wani inji mai ƙara da yake saɓawa a kafaɗa ya shiga daji da shi, watau injin zarto. Ƙanensa kuma shi ne injin sassabe, wanda ake share gonakin koko da na kwakwar manja da gefen hanyoyi da shi.

Kukan da masu waɗannan injuna suka fi yi shi ne wai kayan yanzu ba su da ƙarko. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin jabu ya cika kasuwa. Amma wanda ya san cikin injin ya san cewa abubuwa uku ne suka fi kashe shi tun kwanansa bai ƙare ba: gurɓataccen mai, da dakusasshiyar sarƙa, da ƙura. Dukansu uku kuwa a hannun mai aiki suke.

Asalin injin

A ƙasar Jamus aka fara ƙera injin zarto na sayarwa. Wani injiniya mai suna Andreas Stihl ya yi mai aiki da lantarki cikin 1926, sa'an nan ya yi mai shan fetur cikin 1929. Tsakanin haka, cikin 1927, Emil Lerp ya kafa kamfanin Dolmar ya fito da nasa mai fetur. Waɗannan na farko nauyinsu ya haura kilo 40, sai mutum biyu sun kama kafin a yi aiki da su.

Sarƙar da ake amfani da ita yanzu kuwa daga Amurka ta fito. Wani mai saran itace, Joseph Cox, ya lura da yadda tsutsar wani ƙwaro take cin itace, haƙorin dama ya kankara, na hagu ya kankara. Sai ya kwaikwayi wannan halitta ya ƙera haƙoran sarƙa masu lanƙwasa, ya fara sayar da su cikin 1947 a Jihar Oregon. Cikin 1959 kamfanin Stihl ya fito da injin da ake kira Contra, wanda mutum ɗaya ke iya riƙewa, kuma a shekarar ne kamfanin Husqvarna na ƙasar Suwidin ya shiga wannan sana'a.

A kurmin Afirka ta Yamma babu wanda ya yi suna kamar Stihl 070, wani jibgegen inji da nauyinsa ya haura kilo 10 tun ba a ɗaura masa harshe da sarƙa ba. Abin da ya sa aka so shi shi ne ba shi da tarkace da yawa, bakanike na ƙauye yana iya kwance shi ya mayar. Wannan suna da ya yi shi ne ya jawo masu kwaikwayo suka cika kasuwa da masu kama da shi, launi ɗaya, siffa ɗaya, amma ƙarfen ciki daban. Saboda haka mai saye ya nemi dillalin da kamfani ya amince da shi, ya duba lambar injin, ya karɓi rasit da littafin bayani. Araha dai ba ta ado.

Mai shi ne ran inji

Ya kamata mai karatu ya gane cewa waɗannan injuna ba kamar mota suke ba. Mota tana da wurin zuba baƙin mai daban, wurin fetur daban. Injin zarto da yawancin injunan sassabe kuwa ba su da rumbun baƙin mai. Ɗan man da aka gauraya cikin fetur shi kaɗai ne yake shafe fistin da silinda da boris, alhali ƙananan injuna na zamani suna juyawa har sau 13,000 cikin minti ɗaya. In aka zuba zallan fetur, cikin 'yan mintoci fistin zai yi zafi ya kankare jikin silinda ya liƙe, shi ke nan inji ya tashi aiki.

Ƙa'idar da manyan kamfanoni suka bayar ita ce kashi 50 na fetur, kashi ɗaya na man gauraye mai kyau, irin wanda aka yi musamman domin waɗannan injuna. Watau lita 5 ta fetur tana bukatar mililita 100 na mai. Littattafan wasu tsofaffin injuna sun ce kashi 25 da ɗaya, watau mililita 200 ke nan. Kowa ya bi abin da littafin injinsa ya faɗa, kuma ya auna da ma'auni, kada ya yi kintace da ido. A gauraya a cikin jarka mai tsabta, a girgiza sosai, sa'an nan a zuba a tanki.

Wasu don neman sauƙi sukan gauraya da baƙin man mota. Wannan mai ba a yi shi don a ƙone shi ba, saboda haka yakan bar baƙin dauɗa a kan fistin da fulogi da bakin salansa, har zoben fistin ya liƙe, inji ya rasa ƙarfi. Haka kuma fetur da aka gauraya ba ya son ajiya. In ya wuce wata guda ya fara lalacewa, yakan bar danƙo a cikin kafireta. In za a jingine inji na tsawon lokaci, a juye tanki, a tayar da shi ya shanye abin da ya rage har ya mutu don kansa.

Sai kuma a kula da inda ake sayen fetur ɗin. Jama'a ba su manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da aka shigo ƙasar nan da fetur mai yawan sinadarin metanol, ya lalata motoci da dama. Irin wannan sinadari yana jawo ruwa, yana kuma cinye robobin da ke cikin kafireta. Abin da ya kayar da mota kuwa, ina ga ɗan ƙaramin inji?

Sarƙa da harshe

Hanya mafi sauƙi ta gane lafiyar sarƙa ita ce a dubi abin da take fitarwa. Sarƙa mai kaifi tana watso ɓarɓashin itace manya-manya, kuma ita ke jan kanta cikin icce. Dakusasshiya kuwa gari take fitarwa, sai mai aiki ya danna da ƙarfinsa. Wannan dannawa ita ce ke sa harshen ƙarfen da sarƙa ke zagayawa ya yi zafi har ya sauya launi, kuloci ya ƙone, fetur ya ƙare da wuri, mutum kuma ya gaji. Mai gajiya kuwa shi ne ya fi kusa da haɗari.

Gwanaye sukan ɗan wasa sarƙa duk lokacin da suka tsaya zuba mai, shafa biyu ko uku ga kowane haƙori, ba sa jira sai ta mutu sarai. Kowace sarƙa da girman magagarinta. Babbar sarƙa irin ta 070 tana son magagari mai kaurin milimita 5.5. Sarƙar yankan icce a gicciye ana wasa ta a karkace, kimanin digiri 30, amma ta tsaga katako a tsawonsa digiri 10 ake ba ta. Dole haƙoran dama da na hagu su zama tsawo ɗaya, in ba haka ba yanka zai riƙa karkacewa.

A gaban kowane haƙori akwai wani ɗan tudu da ke ƙayyade zurfin cizo. A yawancin sarƙoƙi ya kamata ya gaza bakin haƙorin da kimanin milimita 0.65. Wasu sukan goge shi sosai wai don inji ya yi sauri. Sakamakon haka shi ne inji ya riƙa fizga yana tsalle a hannu, sarƙa kuma ta tsinke.

Sarƙa tana da tankin manta daban, kuma bai kamata a bar shi ya ƙafe ba. Al'adar zuba tsohon baƙin man da aka juye daga mota ba ta da kyau, domin yana ɗauke da garin ƙarfe mai cinye famfon mai da harshe, yana kuma cutar da fatar mai aiki. In an tashi aiki a sassauta sarƙa, domin da zafi take miƙewa, in ta huce ta tsuke, tana iya lanƙwasa sandar da ke juya ta. A riƙa juya harshe, sama ya koma ƙasa, don ya ci daidai, a kuma share kwararon da sarƙa ke bi. Haƙorin da ke jan sarƙa shi ma yana cinyewa. Abin da aka saba shi ne a sake shi bayan an ƙarar da sarƙa biyu.

Ƙura da zafi

Waɗannan injuna iska ce ke sanyaya su, ba ruwa ba. In garin katako ya haɗu da mai ya toshe tsakanin fikafikan silinda, zafi ba shi da hanyar fita. Saboda haka kowace yamma a buɗe murfi a share su, a kuma cire matatar iska a wanke ta, ta bushe kafin a mayar. A lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ta yi yawa, sau ɗaya a yini ba ya isa. Wanda ya cire matata ya jefar don inji ya daina shaƙewa, ya sani yashi yake ɗura wa silinda.

Akwai kuma masu taɓa ƙusoshin kafireta su rage mai don inji ya yi kuka mai daɗi, ya kuma rage shan fetur. Su tuna cewa rage fetur rage man shafawa ne, tun da tare suke shiga. Wannan aiki a bar wa bakanike wanda ya san kansa. Fulogi kuma a duba shi a kai a kai. Tazarar bakinsa a yawancin injuna rabin milimita ce. In kansa ya yi ruwan ƙasa, lafiya lau. In ya yi baƙi ƙirin, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, inji yana ƙonewa, a tsaya a bincika.

Injin sassabe

Duk abin da aka faɗa game da mai da iska ya shafi injin sassabe, amma yana da nasa na dabam. A ƙarshen doguwar sandarsa akwai ɗan akwatin giya da ke juya wuƙa, wanda ke bukatar giris, wasu kamfanoni sun ce a duba shi bayan kowace awa 25 ta aiki. Wuƙar da ta bugi dutse ta tsage, kada a yi mata walda, kada a miƙar da ita da guduma. A jefar da ita, domin in ta fashe tana cikin juyi, gutsurenta kamar harsashi yake fita. Don haka ne aka ce kada kowa ya kusanci mai sassabe da ƙasa da mita 15.

Murfin da ke kare ƙafa shi ma kada a cire shi. Ban da tare tsakuwa, yana da wata 'yar wuƙa da ke datse igiyar roba in ta yi tsawo. In babu shi igiya takan zarce, ta yi wa inji nauyi, kuloci ya ƙone. Igiyar kuma in ta bushe takan riƙa karyewa, amma in aka jiƙa ta cikin ruwa kwana ɗaya takan yi laushi ta daɗe.

Lafiyar mai aiki

Inji in ya lalace ana sayen wani, amma ƙafa ba ta da kasuwa. Haɗarin da ya fi muni shi ne in saman ƙarshen harshe ya taɓa icce, nan take inji yakan yi tsalle ya dawo wajen fuska ko kafaɗa. Injunan zamani suna da birkin da ke tsayar da sarƙa a irin wannan hali, amma manyan tsofaffi da yawa ba su da shi. Wanda nasa ke da birki ya gwada shi kowace safiya. Ƙarar injin zarto ta haura ma'aunin desibel 100, alhali daga 85 kunne ke fara cutuwa in an daɗe. Girgizarsa kuma, bayan shekaru, takan kashe jijiyoyin yatsu. Hular kwano, da abin toshe kunne, da tabarau, da safar hannu, da takalmi mai ƙarfe a baki, duk kuɗinsu bai kai na kwana uku a asibiti ba.

Tsakanin mai inji da yaronsa

Sau da yawa mai inji yana gari, wanda ke aiki da shi yana daji, kuma ana biyansa ne bisa yawan katakon da ya fitar. Mutumin da aka ɗora a kan wannan tsari yana ganin duk mintin da ya ɓata wajen wasa sarƙa ko wanke matata asara ce gare shi, in inji ya mutu kuwa asarar maigida ce. Nan ne yawancin ɓarna ke fitowa. Maganinta shi ne maigida ya sayi man gauraye da kansa, ya ba da ma'auni da magagari, ya ajiye ɗan littafi na rubuta ranar da aka sake kowane abu, sa'an nan ya ware wani lada ga yaron da injinsa ya shekara bai kwanta ba. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Daga ƙarshe, inji mai lafiya ba izni ba ne na a ƙarar da daji. Bakin sarƙa yana da faɗi, duk yanka ɗaya yana mayar da kusan santimita guda na icce gari, ga shi kuma da wuyar sa ido a kan masu shiga daji da shi. Waɗannan na cikin dalilan da suka sa Gana ta hana tsaga katakon sayarwa da injin zarto cikin 1998. Mu ma nan mun ga yadda aka yi wa madobiya a Taraba da maƙwabtanta, har aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya zuwa ƙasashen waje cikin 2018. Mai sana'a na gari ya nemi izni daga ma'aikatan gandun daji kafin ya kayar da icce, ya kuma tuna cewa ranar da itace ya ƙare, injinsa komai kyansa ya zama tarin ƙarfe. Allah ya ba mu ikon kiyayewa, amin.