Bahar Maliya: Fiton da Ya Ci Mahajjatan Ƙasa

Kundin sarakunan Barno da ake kira Diwan ya adana labarin Mai Dunama ɗan Hume, wanda ya rasu a ƙarni na 12 yana kan sarautar Kanem. Sau biyu yana zuwa Makka ta hanyar Masar yana dawowa lafiya. A tafiya ta uku ruwa ya ci shi a Bahar Maliya. Wata ruwaya ta ce da hannun mutanen Masar a ciki, amma ko ma mene ne, sarki guda mai dakaru da dukiya ya ƙetare hamada lafiya, teku ta zamo kushewarsa. Da yake sarki ne, an rubuta sunansa. Talakawan da suka bi bayansa shekaru ɗaruruwa, har da mutanen ƙasar Hausa, babu wanda ya rubuta nasu.

Mutumin Gyadi-Gyadi ko Tarauni zai iya tsufa bai ga ruwan da ya fi dam ɗin Tiga ba, don haka zancen nutsewar jirgi a teku sai ya ji shi kamar labarin wasu mutane can. Alhali a cikin tsofaffin gidajen Kano ba a rasa wanda zai ce kakansa ko ƙanen kakarsa ya tafi gabas bai dawo ba. Wasu sun zauna a Sudan, jikokinsu na nan a Mai Wurno da sauran garuruwan bakin Nilu. Wasu cuta ta kashe su a hanya. Wasu kuwa sun ga teku da idonsu, sun biya kuɗin fito, daga nan labarinsu ya yanke.

Hajjin ƙasa tafiya ce ta shekaru. Ayari kan tashi daga Kano ya ratsa Barno, ya shiga Wadai ta Abeshe, ya faɗa Darfur da Kurdufan, ana tafiya ana yada zango ana ƙwadago don a sami guzuri. Ƙarshen tudu shi ne Sawakin, tsohuwar tashar da ke kallon Jidda. Tsakanin garuruwan biyu kusan kilomita 300 ne kacal, abin da bai taka kara ya karya ba ga wanda ya tako daga Kano. Amma a wannan ɗan taƙin ne wanda ya saba da jaki da raƙumi yake miƙa ransa ga katako da iska, da kuma mai jirgin da bai san shi ba.

Bahar Maliya ba ta da sauƙi ga jirgin da iska ke turawa. Gaɓoɓinta biyu cike suke da duwatsun murjani, masu kaifi, waɗanda ke kwance dab da saman ruwa. Da rana matuƙi kan gane su ta sauyin launin ruwa, da dare kuwa babu dabara, shi ya sa ƙananan jirage suka saba tafiya da rana su fake a wani lungu in magariba ta yi. A rabinta na arewa iska daga arewa take busowa kusan duk shekara. A kudanci tana juyawa da lokaci. Babu wani babban kogi da ke zuba a cikinta, gaɓarta hamada ce, saboda haka wanda ya tsira daga ruwa ya yi iyo ya fita, ƙishirwa ce ke jiransa.

Malamin Andalus Ibn Jubair ya ƙetare daga tashar Aizab zuwa Jidda a 1183, kuma bayanin da ya bari game da jiragen da ake kira jalba ya isa ya tsinka zuciyar mai karatu. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsu. Ɗinke katakan ake yi da igiyar ɓawon kwakwa, a shafe su da mai, har da man kifin teku. Abin da ke tarar iska kuwa saƙar ganyen goruba ce, wato kabar da muke tabarma da faifai da ita. Ɗinkin ba sakarci ba ne: jirgin da aka ɗinka yana lanƙwasa in ya gogi dutse, inda mai ƙusa zai dare. Aibin yana wajen masu jiragen. Ya ce sukan cusa alhazai har wani ya zauna kan wani kamar kaji a akurki, domin burin mai jirgi shi ne ya fanshe kuɗin jirginsa a fito ɗaya, bai damu da abin da teku za ta yi da shi daga baya ba. Kwana takwas su Ibn Jubair suka yi a ruwa, guguwa na juya su. Ya kuma ambaci masu dawowa da iska kan jefa a gaɓar da babu kowa, su kama hanya a hamada, da yawa ƙishirwa ta kashe su.

Kimanin shekara 150 bayan haka, Ibn Baɗɗuɗa ya je Jidda zai hau wani jirgi da ya nufi Ƙusair a gaɓar Masar. Ya duba yanayin jirgin, hankalinsa bai kwanta ba, ya fasa. Jirgin ya nutse a wajen Ra'asu Abi Muhammad. Mai shi da wasu 'yan kasuwa suka tsira a ƙaramin kwalekwale da ƙyar, alhazai kimanin 70 suka mutu. A lura da wanda ya sami kwalekwale da wanda bai samu ba. Irin wannan rabon ya maimaita kansa a tekuna da yawa. A 1816 jirgin yaƙin Faransa mai suna Méduse ya kafe a gaɓar Muritaniya a hanyarsa ta zuwa Senegal, manya suka shige ƙananan jirage, aka bar mutum 147 a kan katakan da aka ɗaɗɗaure. Bayan kwana 13 aka tsinci 15 da rai.

Zuwan jirgi mai inji bai raba talakan Tukururu, wato mutumin Afirka ta Yamma, da jirgin iska ba, sai ma ya ƙara tura shi ciki. Bayan faɗuwar Burmi a hannun Turawa a 1903 jama'a masu yawa sun kwarara gabas. A daidai lokacin Turawan Ingila suka gina Bur Sudan ta maye gurbin Sawakin, suka tsaurara dokar fasfo da allurar rigakafi da killace matafiya, ga kuɗin tikiti. Mai hali ya sami hanya: Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi hajji a 1921 ta jirgin ruwa daga Ikko, ya biya ta Ingila. Wanda ya tara kuɗinsa da tsinkar auduga a Jazira ta Sudan kuwa ba zai iya wannan ba. Sai dubbai suka riƙa sulalewa kudu zuwa Eritiriya, wadda ke hannun Italiya, su yi ciniki a ɓoye da masu jiragen sambuk a wajen Massawa, a fita da su cikin dare a sauke su kusa da Ƙunfuza ko Lis, kudu da Jidda. Masanin tarihi Jonathan Miran ya bi diddigin wannan fiton sata daga shekarun 1920 zuwa na 1950. Tunda a ɓoye ake yi, babu rajista, babu lissafin fasinja. Jirgi in ya kife babu hukumar da ta san ya tashi, balle ta aika wa dangi a Kano. Ga kuma haɗarin a yasar da mutane a gaɓar da ba ruwan sha, ko a sayar da su bayi.

Abin da ya rufe wannan babi ba wa'azi ba ne, sauƙin hanya ne. A 1948 wasu attajiran Kano, Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Ƙasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA, aka fara da manyan motoci, daga baya jirgin sama ya karɓe. Yau maniyyaci daga Tarauni kan tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ya ƙetare Bahar Maliya yana gyangyaɗi, bai ma san ya wuce ta ba.

Halin da Ibn Jubair ya gani a Aizab kuwa bai nutse da jalba ba, yana nan a madatsun ruwanmu. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 kwalekwale ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, ɗauke da mutanen Badau, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da za su je Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu. A watan Mayu na shekarar, wani jirgin ya dare a kogin Kwara kusa da Wara ta Jihar Kebbi da mutane fiye da 150 a ciki. A duka biyun abin da aka fi ambata shi ne lodin da ya wuce ƙima. Ajali gaskiya ne, babu Musulmin da ke musu, amma faɗin haka bai wanke wanda ya ƙirga kuɗin fito ya ƙi ƙirga kawuna ba.

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa da Gwamnatin Kano da sarakunan ruwa sun san kowace mashiga da ake fito. A rubuta wa kowane jirgi adadin da zai ɗauka a jikinsa, a ajiye littafin sunayen fasinja a bakin gaɓa, a hana tashi bayan magariba, kuma kada a sa yaro ko ɗaya a kwalekwale ba tare da rigar kariya ba.