YAABA: Tsohuwar da Yaro Ya Kira Kaka

A wannan fitowa mun leƙa maƙwabciyarmu Burkina Faso, domin mu yi muku bayanin wani fim wanda ya daɗe da fitowa amma har yanzu bai tsufa ba. Sunansa Yaaba, wato kaka a harshen Mosawa. Marigayi Idrissa Ouédraogo ne ya shirya shi, ya fito a shekarar 1989. An haifi wannan bawan Allah a garin Banfora a 1954, ya rasu a Wagadugu a 2018. A ƙauye ya ɗauki fim ɗin, kusa da Wahiguya ta arewacin ƙasar, kuma yawancin waɗanda suka fito ciki mutanen karkara ne da ba su taɓa tsayawa gaban na'urar ɗaukar hoto ba.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Wata tsohuwa ce mai suna Sana take zaune ita kaɗai a bayan gari. Ba ta da miji, ba ta da ɗa, ba ta da mai ce mata sannu. Mutanen gari sun yanke cewa mayya ce. In rumbu ya kama wuta, ita ce; in ta ratsa ta kusa da gidaje, yara su bi ta da jifa. Ana nan sai wani yaro mai suna Bila ya fara kusantarta, shi da ƴar'uwarsa Nopoko. Wata rana ya kai mata kaza, suka gasa suka ci tare, ya buɗe baki ya kira ta Yaaba. Tsohuwar ta shaida masa cewa duk tsawon rayuwarta babu wanda ya taɓa kiranta da wannan suna.

A ganinmu, nan ne zuciyar fim ɗin take. Kazar da ya kai mata ta sata ce, kuma ba za mu yaba masa a kan haka ba. Amma naman ya ƙare a yini guda, sunan kuwa ya zauna. Da kalma ɗaya yaron ya mayar da ita cikin dangi, ya ba ta matsayin da gari ya hana ta. Bahaushe ba zai rasa gane nauyin wannan ba, shi da ya san wasan jika da kaka, inda yaro ke ce wa kakarsa "matata", ita kuma ta ce ta sake shi don ba ya kawo cefane. Tsohon da ba shi da mai yi masa irin wannan tsokana, ko da tuwo na isa gare shi safe da yamma, akwai yunwar da ba a kashe masa ba.

Daga nan al'amari ya yi tsanani. A wani faɗa na yara aka yanki Nopoko da wuƙa mai tsatsa, cutar sarƙe-haƙora ta kama ta. Wani boka maƙaryaci ya ce Sana ce ta kama kurwar yarinyar, sai mutane suka cinna wa bukkarta wuta. A daidai lokacin kuwa tsohuwar tana kan hanya, ta ƙetare kogi neman wani mai magani da ake kira Taryam, saboda Bila ya roƙe ta. Maza suka ƙi maganin don ta hannun da ya biyo. Mahaifiyar Bila ce ta karɓe shi a ɓoye, yarinya ta sha, Allah ya ba ta lafiya.

Ba a yi taron neman gafara ba, ba wanda ya je ya durƙusa gabanta. Sana ta rasu a kaɗaice kamar yadda ta rayu. Sai bayan haka Bila ya ji asalin ƙiyayyar, daga bakin wani mashayi da gari ya raina, wanda shi kaɗai cikin manya yake kare ta: uwarta ta rasu wajen haihuwarta, baƙin ciki ya kashe ubanta. Laifinta ke nan, maraici.

Mai kallon da ya saba da finafinan faɗa da guje-guje zai ce tafiyar fim ɗin ta yi sanyi, kuma gaskiyarsa. Minti 90 ne na fili fetal, da jar ƙasa, da mutane ƙanana can nesa suna tafiya, ga kiɗan Francis Bebey ɗan Kamaru yana bi a hankali. Amma tafiyar tsohuwa ce, dole mai rakiya ya rage sauri. Da wannan sanyin ya ci kyautar masu sharhin finafinai ta duniya a bikin Kan na Faransa a 1989, ya kuma samu kyauta ta musamman a bikin FESPACO na Wagadugu a shekarar. Iyaye su sani akwai ɗan zancen shaye-shaye da cin amanar aure a gefen labarin, don haka ya fi kyau a kalla tare da yara, a yi musu bayani.

Abin da ya sami Sana ba ƙagaggen abu ba ne. A Wagadugu akwai cibiyar Delwende, wadda ta shekara da shekaru tana karɓar ɗaruruwan mata, galibi tsofaffi, da aka koro daga ƙauyukansu da sunan maita. A arewacin Gana ma akwai irin wannan mafaka a Gambaga. A 2015, shekara 26 bayan fitowar fim ɗin, Burkina Faso ta kafa dokar kare mata wadda ta tanadi hukunci ga mai jifan mace da wannan zargi. A unguwanninmu kuma, wa bai taɓa jin an ja kunnen yaro kada ya karɓi ko ƙuli-ƙuli daga hannun wance ba? In aka bincika, sau da yawa wancen gwauruwa ce, ƴaƴanta sun rasu ko sun yi nisa, kuma babu namijin da zai tsaya mata a ƙofar gida.