Idan Mota Tana Shan Iska Ta Ɓarauniyar Hanya

Yawancin motocin da ke kai mana marasa lafiya Sakkwato ta hanyar Goronyo, ko su kawo hatsin taimako Isa da Sabon Birni, tsofaffi ne: Peugeot 504 wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da Golf, da Starlet. A halin rashin tsaron nan, mota ta mutu a daji ba ƙaramin abu ba ne.

Injin fetur yana zuƙar iska ta kafireto, inda ake gauraya ta da mai daidai gwargwado. Zafin bazara da bushewar hunturu suna tsattsaga ƙananan tiyo na roba. Sai iska ta shiga ta tsagar, ta fi man yawa. Mota ta riƙa karkarwa a silo, ko ta mutu da zarar an ɗaga ƙafa daga totur. Nan da nan sai a ɗora wa kafireto laifi, a kashe kuɗin baiko a sayo wani, ciwon kuwa yana nan.

Kafin a sayi komai, mu tayar da injin, mu bar shi a silo. A sami guntun tiyo, a kara baki ɗaya a kunne, ɗayan a bi da shi kan robobi da gindin kafireto. Inda aka ji tsaki kamar na maciji, nan ne. A kula da fanka da bel, a naɗe hannun riga. In ba a ji ba, a fesa ruwan sabulu kaɗan-kaɗan. Wurin da ƙarar injin ta canja, shi ne ke shan iska. Wasu makanikai da fetur suke wannan gwaji. Ba mu yarda da shi ba, domin gobara.

Babban tiyon da ke zuwa ga sabon birki ya fi duka haɗari, gama in ya tsage birki yakan yi tauri. A kashe injin, a taka birki sau 5, a riƙe shi, sannan a tayar. Ya kamata ya ɗan nutse ƙarƙashin ƙafa. In bai nutse ba, kada motar ta ɗauki kowa sai makaniki ya duba.

Tiyon da ya tsage daga baki ana iya yanke wurin a mayar. Ɗaurin roba kuwa na isa gida ne kawai.