Mi ke sa mutum himma?



Kowace shekara, in an buɗe makarantar yaƙi da jahilci, rumfa takan cika maƙil. Kafin wata biyu sai a ga rabin tabarmi babu kowa. Waɗansu su ce lalaci ne. Ba kullum ba ne. Yau za mu duba abin da masana halin ɗan Adam suka gano game da himma.

A shekara ta 1943, wani masani ɗan ƙasar Amurka, Abraham Maslo, ya ce bukatun mutum hawa biyar ne, kamar tsani. Na farko: ci da sha da barci. Na biyu: kwanciyar hankali, wato mutum ya tsira daga tsoro. Na uku: zumunci da ƙauna. Na huɗu: daraja a idon jama'a. Na biyar: mutum ya kai iyakar baiwar da ke gare shi.

In ji Maslo, bukatar ƙasa ita ke fara kiran mutum. Wanda rumbunshi ya ƙare, hankalinshi yana wajen hatsi, ba wajen allo ba. Mu ma mun san haka, tun da da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amma Maslo da kanshi ya ce jerin nan ba dole ba ne ga kowa. Akwai mai haƙura da yunwa don kare mutuncinshi.

To, in ciki ya cika, kuɗi ne ke riƙe mutum ga aiki? A 1971 wani masanin Amurka, Edwad Disi, ya ba da labarin gwajin da ya yi. Ya ba ɗaliban jami'a wani wasa na haɗa ƴan gutsattsari, mai sa tunani. Kashi guda an biya su dalar Amurka ɗaya ga kowane wasan da suka warware. Kashi na biyu ba a ba su komi ba. Daga baya aka daina biya. Da aka bar su su kaɗai lokacin hutu, sai aka ga waɗanda suka saba karɓar kuɗi sun rage taɓa wasan. Kuɗin ya maida abin sha'awa ya zama ƙodago.

Disi da abokin aikinshi Ricad Rayan suka ce abu uku ke raya himma ta cikin zuciya: mutum ya ji shi ya zaɓi aikin, ya ga yana ƙara iyawa, kuma ya ji yana tare da jama'a.

Saboda haka, ɗan'uwa, ƴar'uwa, tambayi kanka: don mi na zo karatu? Don in karanta sikeli da idona ranar kasuwa? Don in karanta wasiƙar ɗana ba tare da wani ya ji asirin gidana ba? Riƙe dalilin nan da kyau, shi ne naka.

Kowane sati ka duba abin da ka iya wanda ba ka iya ba a da, ko da rubuta sunanka ne. In kuwa maƙwabcinka ya daina zuwa, kada ka ce mishi raggo. Je ka gaishe shi, ka ji abin da ya tsare shi, ku dawo tare.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.