Wa Ke Biyan Asara Idan Kaya Sun Lalace A Teku?

A watan Maris na 2021, lokacin da katafaren jirgin nan Ever Given ya maƙale a mashigin Suwez har kwana 6, masu jirgin sun nemi duk mai kaya a cikinsa ya ɗauki wani kaso na kuɗin da aka kashe wajen ceto shi, ko da kuwa kayansa ko ƙwarzane ba su yi ba. Wannan ƙa'ida ta asarar tarayya, wadda kan iya faɗa wa duk mai shigo da kaya ta Apapa ko Tin Can, an gaje ta ne daga zamanin jiragen katako masu tafiya da iska, lokacin da jiƙewar buhu guda kan haddasa shari'a tsakanin attajiri da kyaftin da ma'aikatan jirgi.

Tsakanin 1500 da 1800 da wuya a sami jirgin fatake wanda ba ya yoyo. Ruwan gishiri kan tsattsafo ta tsakanin katakai, sukari ya narke, yadi ya yi fumfuna, gangar mai ta fashe, ɓeraye kuma su yi wa hatsi ta'adi. Idan jirgi ya iso, abin da ake fara tambaya shi ne musabbabin ɓarnar, domin amsar ce ke nuna aljihun da za a taɓa. In guguwa ce kawai, asara ta mai kaya ce ko mai inshorarsa. In da gangan aka zubar da wasu kaya a teku don jirgi ya yi sauƙi ya tsira, to mai jirgi da dukkan masu kaya za su raba asarar gwargwadon darajar dukiyar kowa. In kuwa sakaci ne, kyaftin da yaransa ne za su biya.

Dokokin da ake hukunci da su sun girmi zamanin. Na tsibirin Oleron da ke Faransa, waɗanda aka tattara tun wajen ƙarni na 12, sun wajabta wa kyaftin ya nuna wa fatake igiyoyin da za a sauke kayansu da su. In bai nuna ba, igiya ta tsinke, shi da ma'aikatansa ke da alhakin diyya. Kundin dokokin teku da aka buga a Barsalona a 1494 ya sauko har kan batun kyanwa: in ɓeraye suka ɓata kaya alhali babu kyanwa a jirgi, mai jirgi ya biya, amma in ya tashi da ita ta mutu a hanya, ya kuma nemi wata a tashar farko da ya samu, babu laifi a kansa. Abin kamar almara, amma ma'aunin sakaci ne wanda kowane alƙali ke iya tantancewa.

Inda gizo ke saƙar shi ne albashi. A Ingila ƙa'idar ita ce kuɗin dako su ne uwar albashi, wato in kaya ba su isa ba, mai jirgi bai karɓi ladan dako ba, ma'aikaci ya yi aikin banza, ko da ya shafe watanni yana kwalfe ruwa dare da rana. Bugu da ƙari, masu jirage kan zaftare albashi da sunan biyan kayan da suka lalace. Kyaftin ya ce an jera kaya ba bisa ƙa'ida ba, ko an yi barci an bar famfo. Ma'aikata su ce tun daga tashar farko jirgin ruɓaɓɓe ne, kuma an yi masa lodi fiye da kima. Kotun harkokin teku ta Landan ta saurari irin waɗannan ƙararraki masu ɗimbin yawa, domin a can ma'aikata na iya haɗa kai su shigar da ƙara guda, har a tsare jirgin kansa sai an biya su.

Tsarin yana da wani rauni da duk mai nazarin tattalin arziki zai hango. Mutanen da ake cire wa albashi su ne kaɗai shaidun abin da ya auku a tsakiyar teku. Dokar Faransa ta 1681, wadda minista Kolbat ya tsara, ta umurci kyaftin ya ba da rahoton tafiyarsa cikin awa 24 da isowa, ma'aikatansa kuma su ne masu gaskata shi. In suna ɗasawa da shi, maslahar kowa ita ce a ɗora wa guguwa laifi, attajiri ko mai inshora ya kwana ciki. In kuwa an ɓata a hanya, kan abinci ko duka, bakinsu na iya jawo wa kyaftin diyyar da za ta karya shi. Ba mamaki da birnin Amsatadam ya kafa majalisa ta musamman a 1598 don sauraron rigingimun inshora.

Sai a 1854 dokar jiragen fatake ta Birtaniya ta raba albashin ma'aikaci da kuɗin dako. Asarar tarayya kuwa ta wanzu, aka daidaita ta a ƙa'idojin Yok da Antwaf na 1890, waɗanda bayan gyare-gyare har yanzu ake ambatonsu a bayan takardar lodin kaya. A ƙarƙashin wannan tsari, ɗan kasuwar da bai yi wa kayansa inshora ba sai ya ajiye tsabar kuɗi jingina kafin a sakar masa kwantenarsa.