Ina aikin yake kwana idan an rufe burauza?

A Gassi, unguwar da ginin Majalisar Dokokin Chadi yake a gunduma ta 7 ta N'Djamena, matashi ba ya bukatar kwamfuta mai tsada kafin ya fara koyon rubuta manhaja. Ya shiga shagon intanet ko ya ari laftof ɗin yayansa, ya buɗe burauza, ga Scratch ko MakeCode nan kyauta. Abin da ba a cika gaya masa ba shi ne inda aikin ke kwana bayan ya tashi.

MakeCode na Microsoft, idan mutum bai shiga da asusu ba, a cikin burauzar wannan kwamfutar kaɗai yake ajiye aiki. Ranar da mai shago ya share bayanan burauza don na'urarsa ta ƙara sauri, wasan da aka daɗe ana ginawa ya bi shara. Scratch, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, ya fi haka tsanani: babu asusu, babu ajiya, ana rufe shafi ko wuta ta ɗauke, shi ke nan.

To, a buɗe asusu mana, a huta? Da sauƙi, amma an koma ajiya a rumbun wani ke nan. A Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin adana bayanai na kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, shafuka miliyoyi suka ɗauke, wasu bayanan ba su dawo ba. A Yulin 2025 kuma dandalin Glitch ya daina ɗaukar nauyin ayyukan masu amfani da shi, ya ba su wa'adi su kwashe kayansu.

Maganin bai wuce sauke aikin ya zama fayil a hannu ba. Scratch yana fitar da fayil mai ƙarewa da .sb3, dandalin haɗa manhaja na App Inventor .aia, MakeCode na allon micro:bit kuwa .hex, wanda ke ɗauke da rubutun aikin a cikinsa, ana iya mayar da shi burauza a ci gaba. Mafi ban sha'awa shi ne MakeCode Arcade, mai ɓoye wasan gaba ɗaya a cikin hoton PNG. Sai dai hoton nan ba ya son matsi. Idan aka tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, za a matse shi, abin da ke ɓoye ya lalace. A matsayin takarda ake tura shi.

WhatsApp ɗin ma bai isa zama ma'ajiya shi kaɗai ba, musamman a Chadi, ƙasar da aka toshe shafukan sada zumunta tun daga Maris 2018 har Yulin 2019. Filas ma haka: ambaliyar 2022 da ta shanye unguwannin bakin kogin Shari ba ta bambance laftof da filas ɗin da ke jaka ɗaya da shi ba. Shi ya sa masu sana'ar ke ajiye kwafi uku, ɗaya nesa da gida. Dandalin ajiye ayyukan manhaja na GitHub ya dace da na nesan, don yana riƙe tarihin kowane gyara, kuma MakeCode na iya haɗuwa da shi kai tsaye.

Fayil ɗin da aka sauke kuwa, a gwada buɗe shi a wata kwamfutar tun kafin ranar bukata, a kuma sa kwanan wata a sunansa.